Alƙalamin feshi na fentin ƙananan samfura: wanne ne zai jure iskar Katsina?

Duk wanda ya taɓa shafa wa ƙaramin samfurin jirgin sama ko na gini fenti da buroshi ya san inda gizo ke saƙar. Komai laushin gashin buroshin sai ya bar sawu, fentin kuma ya yi kauri ya cike 'yan layukan da suka sa samfurin ya yi kama da na gaske. Maganin wannan shi ne alƙalamin feshi, wanda 'yan kasuwa ke kira eyaburosh. Ƙanin bindigar feshin masu fentin mota ne, da kaɗan ya fi biro tsawo. Iska na shiga ta ƙasa, fenti na gangarowa daga ɗan kofin da ke sama, allura kuma tana buɗe hanya tana rufewa a cikin nozul, ɗan bakin da fenti ke fita ta cikinsa. Masu buƙatarsa a nan su ne ɗaliban zanen gine-gine da ke haɗa modal na kwali da soso a ma'aunin 1:100 ko 1:50, sai kuma masu sha'awar harhaɗa jirage, tankokin yaƙi da motocin roba a 1:72, 1:48, 1:35 da 1:24.

Yawancin shawarar da ake gani a intanet daga ƙasashen sanyi da laima take zuwa, inda in allura ta lanƙwashe yau, jibi an kawo sabuwa har ƙofar gida. A Katsina tambayar ba wanne ne ya fi zana siririn layi ba ce. Tambayar ita ce wanne ne za a kwance a wanke sau biyar a wuni ba tare da wani abu ya karye ba, don iskar hunturu da zafin bazara za su sa a riƙa kwance shi fiye da yadda maƙeransa suka zata.

Abu biyu ba su buƙatar dogon bayani. Na farko, a sayi mai kunama mai aiki biyu: in an danna ƙasa iska ta fito, in an ja baya fenti ya biyo, gwargwadon ja gwargwadon fenti. Mai aiki ɗaya irin Paasche H yana da ƙarko kamar jakin Kano, amma sai an tsaya an murɗa kafin a canza yawan fenti, ba ya inuwa mai laushi. Na biyu, a sayi mai kofi a sama. Mai kwalba a ƙasa sai an ƙara masa iska kafin ya zuƙo fentin, kuma rabin abin da aka dama a kwalba da bututu yake ƙarewa. Mai kofi a sama kuwa ɗigo huɗu ma ya isa ya yi aiki, ga shi fentin samfura da dala ake sayo shi.

Girman nozul shi ne inda sababbin shiga suka fi faɗawa tarko. Mai sayarwa zai nuna maka 0.2 ya ce ya fi "fain", kai kuma ka ga ai abin da za ka fenta ƙarami ne, ka ɗauka. Ramin da bai wuce kashi biyu cikin goma na milimita ba, ƙwayar ƙura ɗaya ko ɗan gudajin fenti ya isa ya toshe shi. Tsakanin milimita 0.3 da 0.4 nan ne gidan zama. Da 0.35 za a fesa firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, a fesa launin jiki, a kuma zana layi mai kaurin milimita ɗaya ko ƙasa da haka in an tsinka fentin an matso kusa. Jirgin Alpha Jet irin na sojojin saman Najeriya a 1:72 bai kai santimita 20 ba, kuma 0.35 zai yi masa ɓadda-kama tsaf. Mai modal na gini, da ke fentin bango da rufi da filin tsakar gida, 0.5 ya fi yi masa, don ya fi faɗin feshi kuma ya fi haƙuri da fenti mai tsaki.

Mai araha, da abin da ke cin sa

Wanda aka fi samu shi ne Fengda BD-130 na Sin da 'yan uwansa marasa suna da ke zuwa cikin baƙin akwatin roba: nozul 0.3, kofi mililita 7, kunama mai aiki biyu. Gaskiya yana feshi. In aka yi dace da mai kyau, aka goge allurarsa, zai fenta samfuri yadda ba wanda zai gane da mai araha aka yi. Matsalarsa a nozul take. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, mai tiredi, ana ɗaure shi da wata 'yar sufana da ke cikin akwatin. In aka matsa kaɗan fiye da kima sai ya karye, tiredin ya maƙale a ciki, daga nan aiki ya tsaya sai an samu abin zaro guntun. In ba a matsa sosai ba iska ta riƙa komawa cikin kofi, fenti na tafasa kamar an dafa shi. Ƙa'idar ita ce a fara ɗaurawa da yatsa har ya tsaya, sannan a ɗan taɓa shi da sufana, taɓawa kawai, ba murɗawa ba. 'Yar robar da ke gindinsa ma ba ta ƙaunar tina mai ƙarfi, wato ruwan tsinka fenti, tana kumbura ta yage. In ta mutu, a shafa ɗan dankon kakin zuma a tiredin, yana toshe iskar.

Wani aibinsa shi ne ba kowane biyu ne suke daidai ba. Wani allurarsa na zaune a tsakiyar nozul, wani ta karkata tun daga masana'anta, kuma nozul ɗin wani kamfanin ba lallai ya hau na wani ba ko da sun yi kama kamar an tsaga kara. Saboda haka wanda zai saye shi ya sayi biyu a lokaci ɗaya daga wuri ɗaya, na biyun ya zama ma'ajiyar kayan gyara. Duk da haka kuɗin bai kai rabin na mai tsada guda ɗaya ba. Ga ɗalibin da zai yi modal biyu ko uku kafin ya kammala karatu, wannan ya wadatar, kada wani ya ruɗe shi.

Masu tsada

Iwata Eclipse HP-CS na Jafan shi ne wanda zan ce a saya in aljihu ya yarda. Nozul 0.35, kofi mililita 7, amma ba waɗannan ne dalilin ba. Nozul ɗinsa ba shi da tiredin da ake fama da shi kullum. Dunƙulen ƙarfe ne da yatsu ke iya riƙewa, ana jefa shi a mazauninsa, murfin kai ya danne shi ya daidaita kansa a tsakiya. Kwancewa da wankewa minti biyu ne, kuma hanyar fenti a ciki tana da faɗi, ba ta saurin toshewa. Abin da ke matse allura a ciki na tefulon ne, ba roba ba, don haka fenti mai tina ba ya cin sa. Farashinsa ya ninka na BD-130 sau biyar ko fiye, kuma a yi hattara, akwai jabu.

Harder & Steenbeck na Jamus, wato Ultra da Evolution, su ma nozul ɗinsu na jefawa ne, da hannu kawai ake kwance kansu ba sufana. Evolution na da ƙarin daɗi: ana cire kofinsa a sa ƙarami ko babba, ana kuma canza allura da nozul zuwa wani girman a jiki ɗaya. Sai dai bakin nozul ɗin siriri ne. In aka tura allura da ƙarfi wajen mayarwa, bakin na buɗewa kamar kakaki ko ya tsage, kuma sabo sai an yi oda daga waje an jira.

Procon Boy PS-289 na kamfanin GSI Creos, masu fentin Mr. Color, a feshi ba ya jin kunyar kowa. Nozul 0.3, kofi mililita 10, da wani ɗan mamurɗi a ƙarƙashin kofi da ake rage iska da shi ba sai an miƙa hannu ga kwamfiresa ba, da wani a wutsiya da ke iyakance nisan ja da baya. Na wutsiyar nan yana ceton sabon hannu daga ambaliyar fenti. Amma nozul ɗinsa ɗan ƙaramin nan ne mai tiredi, ko da yake ƙirarsa ta fi ta masu araha nesa ba kusa ba. Ga mai nutsuwa ne, ba ga wanda zai ba abokan aji aro ba.

Badger Patriot 105 na Amurka, mai 0.5, shi ne ya fi dacewa da masu modal na gini: ba ya tsoron fenti mai kauri, sassansa kaɗan ne. Abu ɗaya kawai, tiredin da tiyo ke shiga nasa daban ne. Iwata, Harder & Steenbeck, Procon Boy da na Sin duk mai inci 1/8 suke amfani da shi, Badger da Paasche kuwa sai da mahaɗi. A yi odarsa tare, don neman wannan ɗan ƙarfen a kasuwar Katsina, kai ko a Sabon Garin Kano, wahala ce.

Iska

Alƙalami na dubun dubata a kan kwamfiresa maras kyau asara ce. Wanda ya dace shi ne irin AS186, mai tanki lita 3, da ragileta, da agogon awo, da kwalbar tarkon ruwa. Yana tsayawa da kansa in tanki ya kai ba 4 (ba, wato bar, ma'aunin matsin iska ne), ya tashi in ya sauko ba 3, don haka yana samun hutu kuma iskar na fitowa santal ba tsalle-tsalle. Ƙaninsa AS18 maras tanki kusan duk lokacin feshi yana aiki, a watan Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba a jimawa zai yi zafi ya kashe kansa sai ya huce. 'Yan ƙananan nan masu caji da ake ɗaura wa alƙalamin kai tsaye, ba a iya daidaita iskarsu yadda ake so, kuma tana raguwa yayin da batir ke sauka. A bar wa masu kwalliyar kek.

Kada a ɗauka tankin lita 3 zai riƙe aiki in an ɗauke wuta. Daga ba 4 zuwa ba ɗaya da rabi, iskar da ke ciki kamar lita 7 da rabi ce, feshin minti ɗaya ma da ƙyar. Injin bai wuce wat 150 ba, inbata mai kilowat ɗaya ko ƙaramin janareta na ɗaukar sa. Wanda ke da babban kwamfiresa na gareji mai lita 25 ya fi kowa morewa: a cika shi zuwa ba 8 lokacin da akwai wuta, a sa ragileta da matatar mai da ruwa da mahaɗi daga 1/4 zuwa 1/8, zai ba da kusan lita 150, wato aikin yamma guda in ana feshi ana tsayawa, kuma shiru. Ana yin dabarar safayar taya da mai faci ya bai wa iska, amma ba da ragileta da matata ba, datti da ruwan cikin tayar a kan samfurin za su sauka. In daga Amurka za a aiko da kwamfiresa, a duba farantin jikinsa: wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, jona shi kai tsaye ƙona shi ne.

Yawancin aiki tsakanin ba 1 da ba 1.5 ake yi, wato fam 15 zuwa 22 a ɗaya layin agogon. A daidaita ragileta ana danne da kunama iska na fita, don allurar agogo na faɗuwa da zarar an danna.

Fenti da yanayi

A nan ne Katsina ke nuna halinta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙamas, fentin ruwa irin Vallejo na bushewa a tsinin allura cikin daƙiƙoƙi. Za a ga feshi ya fara raguwa, a ƙara jan kunama, can sai ya tofo gudaji a kan fiffiken da aka gama. Magani uku ne a haɗe. A ajiye ɗan soso ko auduga jiƙe da tina ta fentin kusa, a riƙa goge tsinin allura da shi tsakanin yatsa biyu duk bayan minti ɗaya ko biyu. A sa ɗigo ɗaya na ruwan jinkirta bushewa ko na sa santsi a cikin kowane ɗigo takwas zuwa goma na fenti, kada a wuce haka, in ba haka ba ya kwana bai bushe ba ƙura ta manne. Sannan a rage iska a matso, tazarar santimita 8 zuwa 10 maimakon 15. In aka ga fentin ya sauka da kaushi kamar samfefa, yana goguwa da yatsa, a hanya ya bushe kafin ya isa: an yi nisa ko iska ta yi yawa.

Tamiya, mai lambobin X da XF, ya fi haƙuri da yanayinmu. Kashi ɗaya fenti, kashi ɗaya zuwa biyu na tinarsa X-20A. Mr. Color da tinarsa mai jinkiri ya fi duka kwanciya lumui, amma yana da wari, kuma da yake yana kama wuta, jiragen sama ba su cika ɗaukar sa ba, samunsa sai an sha wuya. Kaurin da ake nema shi ne na madarar shanu sabuwar tatsa. A ɗiga a jikin kofi, ya gangara ya bar ɗan launi a baya. In ya tsaya kamar kindirmo, a ƙara tina. In ya yi ruwa da yawa kuma, iska za ta watsa shi ya yi ƙafafu kamar gizo-gizo. Kada a zuba wa Vallejo sifirit, nan take zai tsinke ya dunƙule kamar madarar waken suya da aka zuba wa ruwan tsami za a yi awara, kuma a cikin nozul zai yi hakan. Tinar masu fentin mota kuwa tana narka robar samfura, soson modal ma cinye shi take yi ya lotse. Amfaninta ɗaya, wanke allura da nozul bayan an cire su daga jiki.

Da damina, musamman Agusta, matsalar juyawa take. Laima na taruwa a tanki da tiyo, sai a ji fuut, ɗigon ruwa ya fito tsakiyar feshi. A riƙa danna bawul ɗin kwalbar tarko kafin a fara, a kwance noti na ƙarƙashin tanki duk mako a zubar, in ba haka ba tsatsa ce za ta ci tankin daga ciki. Ƙura kuwa kullum tana nan. A yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, a kashe fanka, a share samfurin da buroshi mai laushi dab da feshi, a kife masa roba mai tsabta da zarar an gama. A bazara, daga bayan asuba zuwa hantsi ne lokacin aiki.

A ɗauki samfurin hasumiyar Gobarau a 1:100. Tsayinta kusan mita 15 ne, samfurin zai zama santimita 15. Launi ɗaya in aka malala masa, kwali zai fito ba ginin ƙasa ba. Bayan firaima, a fesa XF-52, launin ƙasa, ko'ina, sau biyu siriri-siriri da minti goma a tsakani. Sai a tsinka XF-64, mai ja-ja, kashi ɗaya fenti, kashi uku tina, a rage iska zuwa ba 0.8, a bi lungunan matakala da gindin kowane hawa da ƙarƙashin tagogi, inda inuwa da sawun ruwan sama ke zama. Daga ƙarshe XF-57, mai haske, a fesa daga sama kawai, alƙalamin a karkace kamar yadda ranar azahar ke dukan ginin. Duk fentin bai kai mililita 3 ba. A kowane shafi iska ke fara fita, fenti ya biyo, fenti ya tsaya, sannan iska ta tsaya. Wanda ya saki kunama gaba ɗaya, ɗigon da ya rage a allura shi zai fara tofowa a shafi na gaba.

In an danna iska kawai amma fenti na fita, allura ba ta zauna ba: ko notin da ke riƙe ta a baya ya saki, ko busasshen fenti ya tokare, ko bakin nozul ya tsage. In feshi na karkata gefe ɗaya, tsinin ya lanƙwashe. Ƙaramar lanƙwasa na gyaruwa in aka kwantar da tsinin a kan gilashi aka murza a hankali, sannan a goge da samfefa mai lamba 2000. In kunama na maƙalewa a ƙasa, fenti ko tina ya gangara cikin bawul ɗin iska, robarsa ta kumbura, yawanci saboda an tsoma alƙalamin ɗungurungum cikin tina. Ba a yin haka. Ana zubar da ragowar fenti, a goge kofi, a fesa tina har ta fito fara, a toshe baki da tsumma a danna iska ta koma kofi ta kwaskwaro abin da ya maƙale, a zubar, sannan a zare allura a goge. Ruwan goge gilashi mai amoniya yana cin farin ƙarfen da tagullar ciki. Man inji ko duk mai silikon kada ya kusanci allura, don fenti zai riƙa yin idanu a kan samfurin. Ɗigon gilisarin ya isa.

Takunkumin yadi ba ya tare tururin tina. A nemi na masu fentin mota mai gwangwani biyu, mai alamar A da P, a yi feshi kusa da taga, nesa da risho ko kaskon gawayi, kuma ba a ɗakin da yara ke kwana ba.

Wajen saye, in kayan na gabanka, ka ce wa mai shago: "Alhaji, a ɗan jona mu gani." A zuba ruwa a kofi a fesa kan kwalin indomi. Da'irar ta fito zagaye, ta tsaya cak da an saki kunama, kofi kuma kada ya yi kumfa. A zare allura a mirgina ta a kan gilashin kanta, in tsinin na rawa a ajiye. A haska bakin nozul da kyamarar waya a zuƙo hoton, tsagewar da ido ba ya gani a nan take bayyana. A bar kwamfiresa ya cika ya tsaya, a zuba ido kan agogo minti biyu: in allurar na sauka ba a taɓa komai ba, akwai yoyo, ruwan sabulu a kan mahaɗai zai nuna wurin, farin tef ɗin masu famfo kuma ya toshe shi. In kuwa oda ce daga waje, a haɗa da allura biyu, nozul ɗaya da tiyo mai saƙar zare a kunshi ɗaya, don kuɗin aiko allura ita kaɗai daga baya yakan fi kuɗin allurar.